Salansar Mustang ɗin 1967: ingarma ce ko ƙuru?

Mai Mustang 67: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi raina a ɓace yake tun jiya. Kun san ingarmata, Ford Mustang ɗin nan ƙirar 1967 mai injin 289 (lambar girman injin ke nan) da nake yawan turo hotonta. Tsatsa ta cinye salansarta, na tara kuɗi wata huɗu na kai ta wani gareji a nan Houston. Mai garejin ya ce in bar masa komai. Ya cire manifol na asali, ƙarfen da ke tara hayaƙi daga inji, ya sa dogayen bututai tun daga kan inji, ya ja bututu biyu masu faɗin inci 3, ya datse su kafin tayoyin baya, bakinsu na kallon ƙasa. Wai za ta ƙara ƙarfi. To ga abin da na samu. Da na kai mil 50 a awa sai wani gunji ya cika cikin motar har kai ya riƙa sarawa. Tashi daga danja ta yi nauyi. In na ɗaga ƙafa daga totur sai ta riƙa tas-tas kamar ana harbi. In ta yi zafi na kashe ta, ba ta tashi sai ta huce. Maƙwabcina ya yi min magana sau biyu, uwargida ta ce ta daina shiga. Maganata ɗaya ce: babban bututu ba ya ƙara wa tsohuwar mota ƙarfi, cin kuɗi ne kawai. Wanda ya ce ba haka ba ne ya fito.

Ɗan Chevelle: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Amma kafin a je ko'ina, wacce ce ingarmar?

Mai Mustang 67: Motata mana.

Ɗan Chevelle: Ka yi haƙuri, wannan ba ingarma ba ce, ƙuru ce. Kuma ba ni na ce ba. Su Amurkawan da suka ƙera ta, da sunan ƙaramin doki suke kiran ajinsu. Motoci masu ƙwanji, su ne ingarmu, daban suke: jiki matsakaici, inji babba. Pontiac GTO ta 1964 ta buɗe wannan hanya da injin 389. Chevelle SS 454 ta 1970 ƙarfin doki 450 aka rubuta mata. Naka 289 lita 4.7 ne, in mai ƙaramar kafireta ne ƙarfin doki 200 kacal. Ina ingarmar take?

Baban Hemi: Gaskiya ɗaya ce. Ingarma ita ce Dodge Charger mai 426 Hemi, ko Road Runner ta 1968. Sauran duk 'yan rakiya ne.

Mai Mustang 67: Ni da na kawo kukan salansa, kun koma kan suna? Ni na sayi abata, ni zan sa mata suna.

Ɗan Chevelle: Ka sa mata duk sunan da ka ga dama a gidanka. A zaure kuwa sai an kira abu da sunansa, akwai yara masu koyo.

Mai Walda na Panteka: Yallaɓai mai Mustang, bar su, bari in gaya maka abin da ke damun motarka. Inci 3 har guda biyu ya yi wa wannan inji yawa. Hayaƙi ba tafiya yake kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da nata. Idan bututun daidai yake, bugun da ya wuce da gudu yana barin jan iska a bayansa, sai ya taimaka wajen zuƙo na bayansa. In bututun ya yi faɗi da yawa sai hayaƙin ya baje, ya huce, ya rage gudu, wannan jan ya tafi. Shi ya sa ta yi maka nauyi a tashi. A wannan inji bututu biyu masu inci 2 da kwata sun isa, in an ƙara masa aiki a je 2 da rabi. Gunjin kuma daga datsewar ne. An bar bakin bututu a ƙarƙashin kujera, sautin na dukan kwalta yana dawowa cikin bodi. A mil 50 injinka na wajen juyi 2,000 a minti, nan ne daidai inda irin wannan gunji ya fi kama mota. A ja bututun ya hau ta saman aksil ya fita ta baya, a haɗa biyun da guntun bututu a tsakiya kamar harafin H, za ka ji bambanci. Kuma don Allah kafin nan kada ka ɗauki yara a ciki. Tsohuwar mota ba ta rasa huda a ƙasa, hayaƙin nan shi ne dai wanda ke kashe mutane idan an kwana da janareto a ɗaki.

Direban 504: Oga, amma ai mun taso muna ji cewa inji yana son a ɗan toshe shi. In ka buɗe salansa gaba ɗaya bawul ke ƙonewa.

Mai Walda na Panteka: Ba toshewa yake so ba, Malam, gudun hayaƙi yake so. Abin da ke ƙona bawul shi ne mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa. An buɗe wa inji numfashi ba a sake saita kafireta ba, ko kuma gasket ɗin haɗin bututun na shan iska. Wannan tas-tas ɗin da yake ji ɗaya daga cikin biyun ne. Ya ciro fulogi ya duba, in ya yi fari fat to mai ne ya yi kaɗan.

Baban Hemi: Da girmamawa, Oga mai walda, ka taɓa ganin Mustang ɗin 1967 ido da ido? A Kaduna?

Mai Walda na Panteka: Ban taɓa ba. Amma na yi salansar Land Cruiser mai silinda takwas ba adadi, shi ma lita 4.7 ne. Hayaƙi bai san sunan kamfani ba.

Baban Hemi: Wancan kwamfuta ke ba shi mai, wannan kafireta ce. Ba ɗaya ba ne.

Direban 504: To ku na ƙasar waje kullum haka kuke. Mutum ya shekara da shekaru yana riƙe da wutar walda, don ba ya zaune a Amurka sai a raina shi. Mu da muka tashi da Fijo da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, kafireta ai a hannunmu ta girma. 504 ta yi Kano zuwa Legas ta dawo ba ta yi tari ba. Wace ingarma ce ta fi wannan?

Ɗan Chevelle: Silinda huɗu ce fa, Malam. Kada a haɗa mu da ita. 504 jakar aiki ce mai albarka, ba wanda ya musa, amma ba ta cikin wannan magana.

Direban 504: Jaka? Ka janye wannan kalma. Motar da ta yi gwamnoni da sarakuna ita ce jaka?

Ɗan Chevelle: Ban zage ta ba, na ce mai albarka.

Direban 504: Ka janye dai.

Ƙanin Zaure: Yaya mai Mustang, ka duba da kyau ko mai garejin ya sace maka indomin salansa, wato matatar hayaƙi. Haka suke yi, suna sayarwa da tsada.

Hajiya ta Ohio: Ƙanena, motar 1967 ba ta zo da wannan abin ba. Sai a motocin 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a Amurka. Babu abin da za a sace. Ni kuma ina da magana da Ɗan Chevelle. Ka ce Mustang duk ƙuru ce. A wannan shekarar ta 1967 ɗin Ford ta faɗaɗa jikinta har ta ɗauki injin 390. A 1968 aka kawo 428 Cobra Jet, a 1969 aka yi Boss 429. Su ma ƙuru ne? Mahaifin yarana yana da mai 390, na san yadda take tashi.

Ɗan Chevelle: Hajiya, waɗannan ƙuru ne da aka ciyar da dawa. Jikin dai ƙarami ne.

Hajiya ta Ohio: To Camaro fa? Chevrolet ta fito da ita ne don ta kama Mustang, girmansu ɗaya. In Mustang ƙuru ce, ita ma ƙuru ce. Amma makon jiya da wani ya turo Camaro SS a nan, kai ne ka rubuta masa "ingarma ta fito". Saƙon yana nan.

Ɗan Chevelle: Waccan mai 396 ce.

Hajiya ta Ohio: Ashe inji ne ma'auni, ba jiki ba. To ka yarda da 390 da 428.

Ɗan Chevelle: Ko na yarda da su, tasa dai 289 ce.

Mai Mustang 67: Ikon Allah. Wai ni me na yi maka ne? Tun ranar da na turo hoton motar nan ba ka taɓa cewa Allah ya sanya alheri ba.

Baban Hemi: Ku duka kun manta Plymouth Barracuda ta riga Mustang fitowa da kusan mako biyu a watan Afrilun 1964. Ko a ƙurun ma Ford ba ita ce ta farko ba, talla kawai ta fi iyawa.

Hajiya ta Ohio: Ta riga ta fitowa, wa ya saya? Mustang ta wuce miliyan ɗaya cikin shekara biyu. Kuma 450 ɗin da ake ta yi mana taƙama da shi, a kan teburin gwaji aka auna, inji tsirara, babu cikakkiyar salansa babu kayan da yake ja. Daga 1972 da aka koma aunawa da kayansa a jiki lambobin kowa suka sauko.

Ɗan Chevelle: In aka auna 289 haka shi ma zai sauko, sai ki lissafa abin da ya rage masa.

Malamin Adabi: Ku ba ni dama. A Hausa, ingarma ƙaƙƙarfan doki ne namiji, mai girma da ƙarfi. Mota kuwa mace ce a bakinmu, muna cewa ta tashi, ta mutu. Don haka "ingarmata" ma akwai gyara a ciki tun daga tushe.

Direban 504: Malam, ai ana ce wa babbar mota giwa, ana ce wa Marsandi zaki. Kirari ba ya bin nahawu.

Malamin Adabi: Wa ya ce wa Marsandi zaki? Zaki ai tambarin Fijo ne, kai da kake direbanta.

Direban 504: Shi ya sa nake cewa a janye jaka. Mota mai tambarin zaki.

Mai Walda na Panteka: Yallaɓai mai Mustang, ban gama ba ɗazu. Rashin tashinta in ta yi zafi, kik ne yake gasuwa, dogayen bututan suna wucewa dab da shi. A sa masa farantin kare zafi, a duba wayar batir kada ta taɓa bututu. Ka sake ɗaure notocin da suka riƙe bututan a kan inji bayan ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, suna kwancewa. Tsohon manifol ɗin kuma ka je ka karɓo kayanka, kada ka bar musu. Ranar da za ka sayar, mai saye zai tambaye shi.

Mai Mustang 67: Na gode Oga, Allah ya saka. Gobe zan koma garejin. Amma ina so Ɗan Chevelle ya sani, ko me za a ce, ingarma ce.

Ɗan Chevelle: Ka kawo ta filin tsere a auna, gani ya kori ji.

Mai Mustang 67: Kai ka turo hoton Chevelle ɗin taka tukuna. Shekara biyu muna jin labarinta.

Ɗan Chevelle: Tana wajen fenti.

Hajiya ta Ohio: Tun bara take wajen fenti.

Ƙanin Zaure: Yaya, in ka cire bututan inci 3 ɗin ka ajiye min, ina da Camry.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, jama'a, dare ya yi a gida. Ga abin da na fahimta. Ɗan'uwanmu ya yi asara, muna jajanta masa, kuma Oga na Panteka ya ba shi shawarwari, ya gwada. Amma ni a ganina matsalar ba ta bututu ba ce. An ɗauko kayan ingarma an ɗora wa ƙuru, dole ta gaza. Da injin 454 ne ko 396, inci 3 ɗin nan da ba a ji kuka ba, ni shaida ne a kan El Camino ɗina. Don haka maganar Ɗan Chevelle ita ce ta tsaya, kuma mafi yawan zaure na tare da shi. Hajiya ta kawo hujjoji, amma a kan wasu motoci ne daban, ba wadda ake magana a kai ba. Batun 504 ba wurinsa ba ne nan, Direba ka yi haƙuri, babu abin janyewa. Na rufe turo saƙo sai da safe.