Muhawara: Shin wadda ta warke daga sankarar mama ta cire rai da haihuwa?

Baba Alhaji, Tudun Wada: Assalamu alaikum. 'Yar ƙanena mai shekara 29 ta gama jinyar sankarar mama, an cire mata nono ɗaya, amma har yanzu ba barci ba cin abinci, kullum tambayarta ko za ta haihu. A ganina a gaya mata ta cire rai, domin kowa ya san ciki yana tayar da ciwon, kuma wanda Allah ya bar masa ransa godiya ce ta kamace shi.

Anti Nas, Barnawa: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara girma, amma maganar ba haka take ba. Gaskiya ne kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, yana iya lalata ƙwayayen haihuwa har al'ada ta ɗauke, sai dai mai shekarunta ta fi 'yar shekara 40 damar al'adar ta dawo. Batun ciki kuwa, wani bincike mai suna POSITIVE da aka wallafa a 2023 ya bi mata sama da 500 waɗanda suka dakatar da magungunan hana ciwon dawowa irin su tamoxifen na lokacin da bai wuce shekara 2 ba don neman haihuwa. Cikin shekara 3, ciwon ya dawo wa kashi 8.9 cikin 100, alhali a waɗanda ba su dakatar ba kashi 9.2 ne, kuma fiye da kashi 60 na waɗanda suka dakatar sun haihu.

Malam, Rigasa: Anti, shekara 3 ta yi kaɗan, tunda irin wannan sankarar tana iya dawowa ko bayan shekara 10. Sannan matan can an gano nasu da wuri, mu kuwa namu sai ciwo ya ci jiki suke isa asibiti.

Anti Nas: Haka ne, Malam, shi ya sa hukuncin yake hannun likitanta, ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko inda ta yi jinya. Ba a ɗaukar ciki ana shan tamoxifen, kuma in tana shan sa, kada ta kuskura ta ajiye shi da kanta.

Wata 'yar'uwa, Kawo: Baba, ni na bi wannan hanyar, kuma ina roƙon ku daina kawo mata maganar godiya kamar ba ta gode ba. Ina salla ina addu'a, amma sai da na daina zuwa suna, domin da na ji an yi guɗa sai hawaye. Kowace safiya sai na cusa tsumma a rigar mama kafin in fito tsakar gida, ga dangin miji suna zancen ƙarin aure a gabana. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani, ba raunin tawakkali ba, kuma da a wannan halin aka ce mini in cire rai, ban san inda zan kai ba.

Anti Nas: Idan rashin barcin da ƙin abincin sun wuce mako 2, a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Idan ta ambaci gara ta mutu, kada a kwana.

Baba Alhaji: 'Yata, Allah ya ƙara lafiya. Maganar ciki har yanzu ina tare da Malam, amma na janye batun cire rai. Sai dai mahaifiyarta ba za ta yarda a kai ta Barnawa ba, tana tsoron a ce 'yarta ta taɓu. Wa zai iya yi mata magana a cikinku?