Ƙarfen gwiwar ƙanina na fitar da ruwa, a wanke ko a cire?

Salam, dan Allah likitocin ƙashi a taimaka. Ƙanina aka yanke wa ƙashin ƙwauri saboda ciwon daji (kansa), aka sa babban ƙarfe har gwiwa, ga shi yana kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Yanzu wajen ɗinkin ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, CRP (gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki) ya ƙi sauka duk da antibayotik. Likita ɗaya ya ce a buɗe a wanke kawai, ɗayan kuma wai ƙwayoyin cutar sun riga sun manne a jikin ƙarfen magani ba ya ratsa su, sai an cire an sa siminti mai magani, daga baya a mayar. Wallahi mun rasa na ɗauka, tsoronmu kar a kai ga yanke ƙafar. Ƙarfe mai rufin azurfa fa, yana taimakawa?