Mako guda ina rubuta abin da 'yata ke ci, kifi bai fito ko sau ɗaya ba

Uwar Uku, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki su gaya mini yadda suka yi. 'Yata ta biyu tana da sikila, shekararta 6. Da muka je asibiti watan jiya, likita ya ce in riƙe takarda in rubuta duk abin da ya shiga bakinta har kwana bakwai, ko da alawa ce. Na rubuta: koko da ƙosai, shinkafa da mai da yaji, taliyar leda, tuwo da miyar kuka, biskit ɗin makaranta, soyayyen dankali. Ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ina kifi? Ina ƙwai?" Na ce ai muna sa kifi a miya. Ya ce, "A miya yake, ko a bakinta?" Sai na yi shiru, don na san kwanon da kifin ke tafiya.

Ya bayyana mini cewa man da yaro ke ci, da shi jiki ke gina fatar ƙwayoyin jini da ƙwaƙwalwa, kuma idan aka auna jini ana gane irin man da yaron ya saba ci. Ni a da a wurina mai mai ne, in dai abinci ya yi maiƙo ya wadatar. Ku da aka taɓa ce muku ku gyara wannan, me kuka canza, me kuka gani, kuma ta yaya aljihu ya ɗauka?

Mai Kula da Abincin Marasa Lafiya, Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Irin takardarki nake karantawa kusan kullum a wurin aiki, kuma yawancinsu kamar hannu ɗaya ne ya rubuta. Akwai sinadaran mai iri biyu da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai an ci: ɗaya daga dangin omega-6, ɗaya daga dangin omega-3. Na farkon muna da shi a gida, yana cikin man gyaɗa da riɗi da agushi. Na biyun ne ke yi mana wuya. Man gyaɗa kusan babu omega-3 a cikinsa, man ja ma haka, ko da yake man ja yana da nasa amfanin wajen bitamin A. Waken suya yana da omega-3, shi ya sa nake yaba awara. Sai dai na tsirrai, kaɗan ne ƙwarai jiki ke iya juyawa zuwa DHA, wato nau'in omega-3 da ƙwaƙwalwa da ido ke buƙata. DHA a shirye yana cikin kifi mai maiƙo: titus, shawa, sardin na gwangwani. Panla ba ta kai su maiƙo ba.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne haƙuri. Jajayen ƙwayoyin jini na mai lafiya suna kai kwana 120 kafin a sabunta su, to abin da ke jikinsu tarihin watanni ne. Kifin ranar Sallah ba zai sauya shi ba. A kan 'ya'yana na gwada kafin in gaya wa kowa: kifi sau biyu a mako, ranar Talata da Juma'a, in ɓare shi da hannuna in cire ƙaya in zuba a kwanon kowa.

Kuma ku tuna da masu jego. Yawan DHA da ke cikin nonon uwa yana bin abin da take ci. Muna dama mata kunun kanwa, muna gasa mata nama, amma ba kasafai ake tuna mata kifi ba.

Baban Yara, Gusau

Hajiya Uwar Uku, maganar likitan nan da ni take, ko da yake ban san shi ba. Shekara goma sha ina cin abinci a gidana, kwanona ne ke zuwa da kan kifi da tsakiyarsa, yara suna samun romo. Haka na taso na gani a gidanmu, ban taɓa tambaya ba. Ranar da na lura, ƙaramin ɗana ne ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran in rage masa. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa ƙarasa cin abincin. Na ce wa uwargida daga yau a fara cire na yara kafin nawa. Ta ƙi da farko, ta ce za a ce ba ta san darajar miji ba. Sai da na riƙa mayar da kifin da kaina kafin ta yarda. Kuɗin cefane bai ƙaru ba ko kwabo, rabon ne ya sauya. Maza 'yan'uwana, ku leƙa kwanon yaranku yau da dare.

Kaka, Yawuri

Jikata ce ke rubuta mini wannan. Mu a bakin ruwa muka tashi, ba mu san sunayen nan da kuke faɗa ba, amma yaro da zarar ya fara cin abinci ake ba shi kifi. Tsoron ƙaya ne ke hana ku, na sani. Ku nemi ƙananan busassun kifi, irin da muke kira warangi, ku shanya su su bushe ƙayau, ku ɗan gasa a tukunya ba mai, ku daka su da kai da ƙashi har su zama gari, ku tankaɗe. Cokali guda a fate ko a miyar yaro ya isa. Ba ya lalacewa da wuri in an rufe shi, kuma ya fi babban kifi araha nesa ba kusa ba. Da na je Kano wurin ɗiyata na tarar surukarta ta hana a ba yara ƙwai, wai zai koya musu sata. Na haifi tara, duk sun ci ƙwan zabi da na agwagwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar kayan wani.

Uwar Tagwaye, Maraɗi

Ni tawa matsalar ba irin man ba ce, babu man ne gaba ɗaya. Bayan yaye, kunun hatsi tsura nake ba tagwayena, safe da marece. Ɗayan ya rame, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa tana saɓa. A likita suka auna damtsensa da zaren nan mai launi, ya faɗa a ja, suka ce tamowa ce. Suka ba mu Plumpy'Nut, suka gargaɗe ni kada in raba da ɗan'uwansa, nasa ne shi kaɗai kamar magani. Cikin 'yan makonni ya murmure. Kuskurena shi ne da aka sallame mu na koma kan kunu tsura, kuma ya fara komawa baya. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta ce abin da ke cikin ledar nan gyaɗa ce da madara da mai da sukari da bitamin, in kwaikwayi abin da zan iya. Yanzu kowane kunu sai na sa tunkuza ko cokalin mai, ranar kasuwa kuma in sayi busasshen kifi. Zan gwada dakan da Kaka ta faɗa, Allah ya saka mata.

Ɗalibin Kimiyyar Gwaje-gwaje, Jos

Anti, zan ja hankali kan abu guda don kada a yi asarar kuɗi. Yayata ta ji irin wannan magana, ta kai ɗanta aka yi masa gwajin kolestarol, ta kawo mini takardar tana murna wai omega-3 ɗinsa lafiya lau. Gwajin nan daban ne. Auna sinadaran mai ɗaya bayan ɗaya yana buƙatar wata na'ura ta musamman, galibi a ɗakunan bincike ake samunta. Idan jiki ya rasa waɗancan sinadarai biyu na dole, yakan haɗa wani madadi da ake kira Mead, kuma hauhawarsa a jini ita ce alamar ƙaranci. Da irin wannan awo aka yi bincike a arewacin Ghana kan yara 'yan shekara 2 zuwa 6, inda tuwo da miyarsu suka yi kama da namu. Ga uwa a gida, takardar kwana bakwai da likita ya sa kika rubuta ta fi saurin nuna inda giɓin yake, kuma kyauta ce.

Ɗan Mai Wurno, Sudan

Ɗana ma mai sikila ne, ya kai shekara 11 yanzu. A Khartoum aka yi wani bincike da aka wallafa a 2013, aka ba masu sikila ƙwayoyin omega-3 tsawon shekara guda, aka ga tashin ciwo ya ragu a cikinsu in an kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Saboda haka likitocinmu sun san maganar sosai. Namu ya rubuta wa yaron, ya sha na wani lokaci, kuma a shekarar kwanciyarsa asibiti ta yi sauƙi. Ba zan rantse cewa ƙwayar ce kaɗai ba, domin a lokacin ne muka dage da shan ruwa da gidan sauro. 'Yar'uwa, kada ki saya da kanki a kanti, ki tambayi likitanta, kuma kada ki ajiye folik asid da sauran magungunanta saboda shi.

Maman Ɗan Firamare, Kaduna

Ni kam zan faɗi nawa ko da ya saɓa. Na ga talla cewa man kifi na ƙara wa yaro basira, na saya wa ɗana na wata biyar, da tsadarsa. Lafiyarsa ƙalau tun farko. Ban ga wani canji a karatunsa ba, sakamakon jarabawarsa yana nan yadda yake. Na ji zafin kuɗin, domin da kifi na saya da su, da duk gidan ya ci.

Mai Kula da Abincin Marasa Lafiya, Zariya

Gaskiya kika faɗa, Maman Ɗan Firamare. A kan yara masu lafiya da ke cin abinci mai kyau, binciken da aka yi kan ƙwayoyin man kifi da ƙoƙarin makaranta bai tsaya a magana ɗaya ba. Yaron da ke da ƙaranci ko wata cuta, lissafinsa daban ne. Akwai kuma ɓangaren da ba mu taɓo ba, wato man da ya kamata a rage. Daskararren man masana'anta da ake sa wa wasu biskit da kek da bota yana ɗauke da wani kitse mai cutar da jijiyoyin zuciya, shi ma yana bayyana a jinin yaro. Hukumar NAFDAC ta ƙayyade kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai.

Mai Awara, Katsina

Ina suya a ƙofar wata makarantar firamare shekara bakwai ke nan. Na ji daɗi da aka ce awara na da amfani, amma zancen mai ya taɓa ni. Da, ba na zubar da mai, ƙari nake yi a kan na jiya har ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi. 'Ya'yana ma daga kaskon suke ci. Wata malama ta yi mini magana a asirce, ba ta kunyata ni ba. Na koma ƙaramin kasko, ina zuba daidai na yini, wanda ya yi duhu in kunna wuta da shi. Ribar ta ragu, ba zan ɓoye ba, sai na ɗan rage girman yanka.

Uwar Uku, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigidan saƙon Baban Yara jiya da dare. Bai ce komai ba, amma yau da rana ya dawo da titus biyu daga kasuwar Galadima, ya ce a fara zuba wa yara. Na ɓare mata rabi a kan shinkafa, ta ture gefe ta ce ƙarni, sai da na matse lemon tsami ta ci loma huɗu. Za mu koma asibiti ƙarshen wata, zan tafi da sabuwar takarda in kuma tambayi likita zancen ƙwayar da Ɗan Mai Wurno ya kawo. Kaka, idan babu warangi a nan, ƙananan busassun kifin da ake aunawa a gwangwani za su yi? Kuma garin yana kai wata nawa kafin ya fara wari?