In kai Fijon Baba Epe ranar Asabar ko in haƙura?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Marigayi mahaifinmu ya bar mana Peugeot 504, haɗin Kaduna, ta daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfa a gidanmu. Kwanan baya na sa bakanike ya tashe ta, ya canza batir da fulogi da baƙin mai, yanzu bugu ɗaya take tashi. Wani maƙwabcina ya saka ni a ƙungiyar masu tsofaffin motoci, kuma ranar Asabar za su fita jerin gwano zuwa garin Epe da ke nan jihar Legas, a ci kifi a dawo. Ayari biyu ne, ɗaya ta Lekki, ɗaya ta Ikorodu. Damuwata ita ce tun da aka tashe ta ban wuce Ikeja da ita ba, kuma in na tsaya a cunkoso allurar zafi tana haurawa. Ga Hajiyarmu ta kafe sai ta bi ni, wai motar mijinta ce. In je da motar ko in bi wani? In zan je, wace hanya?

Mai Goro Mile 12: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Nawa za ka sayar?

Ɗan Agege: Amin. Ba ta sayarwa ba ce, Alhaji.

Tsohon Direba: Yaro, 504 ce fa. Da irinta muka yi ta jigilar Legas zuwa Kano, fasinja cike, kaya har saman but. Motar da ta ci gasar Safari a Kenya a 1975 ita ce za ta kasa zuwa Epe? Zuba mai ka kama hanya.

Bakaniken Idi-Araba: Baba, da girmanka, waccan motar kullum tana kan hanya. Wannan zama ta yi, kuma zama ya fi tafiya kashe mota. Ƙanina, kafin komai a sauke lagireto a wanke shi, a duba famfon ruwa da fanbel. Robobin ruwa in ka matsa ka ji sun yi tauri ko sun tsattsage, canza su. Man birki yana shan danshi, ballantana a iskar Legas, a zubar da shi a sa sabo. Tankin mai kuma tsatsa na kwance a ƙasansa, a cikin gari ba za ta dame ka ba, sai ka shiga gargada ta tashi ta toshe kafireta. Tayoyi ka duba lamba huɗu da ke gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Kar zanen taya ya ruɗe ka.

Abu Marsandi: Ku bar ni in ba shi labari, don ni na ɗanɗana. Na taɓa bin irin wannan fitar da Marsandina 230E, wadda na kashe wa kuɗin da ko matata ban gaya wa ba. Da safe kowa fara'a, ana ta hotuna, masu wucewa na ɗaga mana hannu. Mun wuce Ajah lafiya, mun wuce Sangotedo. Gab da Eleko na ji wani wari kamar ana dafa roba, kafin in gangara tururi ya rufe gilashi. Robar ruwa ta ƙasa ce ta fashe. Na kunna fitilar haɗari, na ga motocin ayari suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa na yi min hon. Wallahi hon kawai. Na kira jagoran tafiya ya ce in yi haƙuri, motar bakanike na baya. Ashe motar bakaniken ita ma ta mace tun a Ajah.

Ina tsaye rana na dukana, manyan tireloli na wucewa suna girgiza motar, sai ga samari sun fito ban san daga ina ba. Wai ƙasarsu ce motata ta tsaya a kai, sai na biya. Na biya. Da janwe ya iso suka ce ba za a ɗaura ta ba sai an sake biya. Mai janwen ko uffan bai ce ba, ya koma gefe yana danna waya. Naira dubu 120 ya karɓa zuwa Surulere, ban da na samarin. Bayan isha na shiga gida. Da na buɗe waya me zan gani? Hotunan mutanena a kasuwar kifi ta Oluwo, kowa riƙe da ƙaton kifi yana dariya. Har yau babu wanda ya kira ya ce ya ka ƙare. Kai kuma har da tsohuwa za ka ɗauka?

Mai Goro Mile 12: Alhaji, ko kan kifin ba su rago maka ba?

Abu Marsandi: Kai dai Allah ya shirye ka.

Ɗan Obalende: Dubu 120? An yanke ka, Alhaji. Ni daga Awoyaya zuwa Obalende dubu 45 na biya.

Abu Marsandi: Yaushe?

Ɗan Obalende: An ɗan kwana biyu.

Abu Marsandi: To kafin a cire tallafin mai ke nan. Tun Mayun 2023 wane farashi ne ya tsaya inda yake? Kuma kai jan ta aka yi da igiya, ni ɗora ta aka yi a bayan mota.

Bakaniken Idi-Araba: Wani kwastomana dubu 80 ya biya daga Ikorodu kwanan nan. Abin ya danganta da yadda suka ga fuskarka da irin takalmin da ka sa.

Hajiya Mai Beetle: Ni dai tawa fitar daɗi ta yi. Ta Ikorodu muka bi, muka ratsa Itoikin, daji kore shar, ga masu sayar da ayaba da garin rogo a bakin hanya. Duk inda muka tsaya sai dattawa sun zagaye motar suna cewa ijapa, ijapa, wato kunkuru da Yarabanci, wani har ya ce a kamfanin Volkswagen na Ojo ya yi aiki lokacin da ake haɗa ta. Mu ƙa'idarmu mota mafi rauni ita ke gaba, bakanike a can baya, in ɗaya ta tsaya kowa ya tsaya. Ɗana, tambayi jagoranku wannan kafin ka biya kuɗin rajista. In ya fara kame-kame ka zauna a gida. Zancen zafi kuma ni ban san shi ba.

Bakaniken Idi-Araba: Hajiya, taki ai ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta. Ranar da fanbel ɗinki ya tsinke za ki san zafi.

Hajiya Mai Beetle: Guda biyu ne a ƙarƙashin kujera, Malam, da sifana. Da hannuna nake ɗaurawa.

Tsohon Direba: Duk kuna tsorata yaro. Mu a zamaninmu jarkar ruwa da ƙyalle kawai muke ɗauka. Wanda bai taɓa kwana a hanyar Jebba da mota ba, ba shi zai koya min 504 ba.

Bakaniken Idi-Araba: Baba, ku kuna tuƙawa, mu ake kawo wa in ta mutu. Kuma a zamaninku kowane gari akwai mai gyaran kafireta. Yau ka tsaya a Imota ka ce a saita maka kwantak mai ba fulogi wuta, yaron zai ɗauko kwamfuta yana neman inda zai soka.

Tsohon Direba: Kai dai so kake ya kawo maka aiki.

Bakaniken Idi-Araba: Ya kai wa wanda ya ga dama. Kayan gyaran ma ya je kasuwar Ladipo da kansa da tsohuwar robar a hannu ya gwada.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba a ce min Lekki ko Ikorodu ba. Kuma wankin lagireto nawa ne?

Ɗan Obalende: Dubu 10.

Bakaniken Idi-Araba: Dubu 10 ruwa kawai za a watsa mata. In za a buɗe a zure ramukan, ka tanadi 25 zuwa 30.

Mai Goro Mile 12: Ka sa Hajiya a motar haya ta bi ku a baya, in Fijo ta mace ku koma can. Ko ka sayar min kowa ya huta.

Malamin Alaba Rago: Ni abin da ya tsaya min a rai maganar samarin nan ce. Ba sai tsohuwar mota ba. Motar da ta kawo mana raguna daga Arewa ta yi faci da asuba, kafin mai faci ya kwance taya mutum biyar sun tsaya a kanmu. Da suka ji muna Hausa kuɗin ya ninka.

Abu Marsandi: Ba Hausa ba ce, Malam. Maƙwabcina Bayarabe ne, haifaffen Mushin, da yarensu ya roƙe su, bai tsira ba.

Malamin Alaba Rago: Amma nawa ya biya, nawa muka biya?

Ɗan Obalende: Ni yanzu canji nake ajiyewa daban a aljihun gaba. In ka kuskura ka zaro damin kuɗi a gabansu ka gama yawo.

Hajiya Mai Beetle: Ba su kuɗin da kuke yi ne ya sa abin ya ƙi ƙarewa.

Abu Marsandi: Hajiya, ke da ayarinki ke tsayawa tare ai dole ki faɗi haka. Tsaya ke kaɗai a Eleko da yamma tukuna.

Tsohon Direba: Wai a ina ma ake rajistar fitar? Ƙanena yana da 404 fikof a Ojo, in an ɗan tura ta tana tashi.