Muhawara: a bar wa FJ40 injinta na asali ko a ɗora mata V8?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. A ganina duk wanda ya sauke injin 2F daga Land Cruiser FJ40 ya ɗora V8 na Chevrolet, wato inji mai silinda takwas, ɓata motar ya yi. 2F silinda shida ne a jere, lita 4.2, Toyota ta fara sa shi a 1975. Tun totur na ƙasa yake ba da ƙarfi, kuma abin da hawan dutse da taɓo suke so ke nan.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Ƙarfin 2F kusan doki 135 ne, ga nauyi, ga shan mai. Kafireta kuma idan mota ta karkace sosai a gangare, mai yakan cika ta inji ya mutu a inda bai kamata ba. V8 mai lita 5.3 da injekta ya ninka wannan ƙarfin, karkata ba ta damunsa. A kan kwalta ma da giya huɗu 2F ihu kawai yake yi.

Mai gyaran giya: To Oga, wannan ƙarfin ta ina zai bi? Ta giyabos, farfela da aksul, duk an ƙera su daidai da 2F. Haɗin Birfield na aksul ɗin gaba, wanda ke kai ƙarfi ga taya ko an murɗa sitiyari, shi ke fara fashewa, musamman idan an sa taya inci 35, an murɗe sitiyari har ƙarshe, aka taka totur. Sannan tsakanin aksul ɗin gaba da na baya milimita 2,285 ne kacal, farfelar baya gajera ce. Ka sa giyabos mai tsawo, ta ƙara gajarta, kusurwarta ta tsananta, kuros ya dinga girgiza yana cinyewa. Ga lagireto da sai an canza, ga kujerun inji da sai an yi sabuwar walda. In ihun kwalta ne damuwar, giyabos ɗin Toyota H55F mai giya biyar yana zama da 2F, sai dai yana buƙatar akwatin raba ƙarfi tsakanin aksul ɗin gaba da na baya irin na ƙarshe, mai rabuwa biyu.

Mai walda: Ku yi haƙuri, kun tsallake shasi. A fara ɗaga bodi, a bi da guduma wajen maratayan sifirin da ƙarfen gicciye na baya, can tsatsa ke ɓuya. Inda ya ruɓe a yanke har a kai ƙarfe mai lafiya. Facin kuma a fere bakinsa, kada a yi walda miƙe daga sama zuwa ƙasa, nan yake tsagewa.

Mai buɗe zance: Wannan gaskiya ne. Birki ma na yarda a sabunta shi, a sa na faifai a gaba, domin da noti ake ɗaurawa, ana iya mayar da na da. Inji kuwa sai an yanka shasi.

Bakanike: Abin da aka yanka ana iya sake waldarsa, Malam, muddin an adana tsohon injin da kujerunsa. Kan birki kuma a kula: mastan birkin ganga yana da ɗan bawul mai riƙe ragowar matsi. Idan ba a cire shi daga layin gaba ba, faifan zai dinga gogawa yana zafi. A sa bawul mai daidaita matsi a layin baya, don kada tayoyin baya su riga kullewa.

Mai gyaran giya: Kafin a yanke wa 2F hukunci dai a auna matsin silinda. Inji da ɗumi, a cire filogi duka shida, totur a buɗe. Idan wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, a duba bawul ko gaskit, aikin murfin saman silinda ne kawai, ba sai an sauke injin ba.