Jini a bayan gida: waɗanda aka leƙa wa babban hanji su ba mu labari

Mai buɗe zance, Agege:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, kuma duk maganin basir da aka kwatanta masa, na gargajiya da na kemis, ya sha, amma ramewa yake yi. Likita ya ce a yi masa kolonoskofi, wato a zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura a duba babban hanji tun daga ƙasa har ƙarshensa. Baba ya ƙi saboda kunya da tsoro. Ina roƙon wanda aka taɓa yi wa, ko ya yi jinyar wanda aka yi wa, ya faɗa mana yadda abin yake.

Wani dattijo, Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam, ɗana. An yi mini, kuma wahalar tana ranar jajibere ne, domin ana hana mutum abinci mai nauyi, a ba shi maganin wanke ciki ya yi ta zagayawa har abin da ke fita ya koma ruwa tsararo. An hana ni zoɓo, saboda jan launinsa yana iya kama da jini a idon na'urar. Aikin kansa bai wuce kamar rabin awa ba, an yi mini allurar da ta sa ni gyangyaɗi, an lulluɓe ni da zane, ba a buɗe sai wurin da ake bukata. Sun tarar da ɗan tsiro a jikin hanjin, suka cire shi nan take suka aika ɗakin gwaji. Likitan ya bayyana mini cewa yawancin kansar babban hanji daga irin wannan tsiro take farawa, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe. Ka ce wa Baba ya tafi da ɗan rakiya, don ba a barin mutum ya koma gida shi kaɗai bayan allurar.

Wata 'yar'uwa, Obalende:
Yayana shekararsa ba ta kai 45 ba lokacin da aka gano tasa, bayan an daɗe ana ce masa atini ne a wani ƙaramin asibiti ana ba shi ƙwayoyi. Da aka duba, ciwon ya riga ya kai hanta. An yi tiyata, an yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, Allah ya karɓi abinsa. Abin da ke damuna har yau shi ne, alamun duk suna nan: ƙarancin jini, sauyin bayan gida tsakanin gudawa da taurin ciki, da ramewa ba dalili. Yanzu likita ya ce mu 'yan ɗakinsu mu fara gwaji da wuri, tunda ciwon yana bin dangi.

Ma'aikaciyar jinya, Ikeja:
Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Binciken da likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife suka yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka ya nuna cewa a Najeriya ciwon yakan kama mutane da ƙarancin shekaru fiye da na Amurka, kuma mafi yawansu sai ya yi nisa suke zuwa asibiti. Ko a Amurka, a 2021 an sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Akwai awon bayan gida mai suna FIT da ke gano ɓoyayyen jini, ya fi araha, amma na masu lafiya ne da ba su ga alama ba. Wanda ya riga ya ga jini da idonsa, kamar Baba, leƙa hanjin ne ya dace da shi. Basir yana iya kasancewa tare da wani ciwon a sama, don haka samun ɗaya ba ya kore ɗayan. Ana yin aikin a LUTH da LASUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da na Jami'ar Jihar Legas.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Baba bayanin dattijonmu na Idi-Araba, ya amince, da sharaɗin namiji ne zai yi masa. Yana shan maganin suga da na hawan jini, gobe zan tambayi likitan yadda za a yi da su ranar wanke cikin.