Neman shawara: tsohon sansanin cinikin fatu da za a kai yara a Kanada

Baban Yara, Winnipeg: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hutun makaranta ya ƙarato, kuma babbar 'yata ta dame ni da batun tsofaffin sansanonin fataken fatu da aka koya musu a aji. An ambata mini Lower Fort Garry da Fort William, sai dai ban san wanda ya cancanci wahalar tafiya ba. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Hajiya, Selkirk: Wa'alaikumus salam, Malam. Tun da a Winnipeg kake, kada ka wuce Lower Fort Garry, domin tafiyar kamar kilomita 30 ce arewa da gari, a bakin kogin Red River. Kamfanin Hudson's Bay ne ya fara gina shi a 1830, bayan ambaliyar 1826 ta lalata sansaninsa na inda Winnipeg take a yau, shi ya sa aka zaɓi tudu, aka yi ginin da dutse. Abin da ya fi burge ni shi ne gine-ginen na asali ne. Idan kun shiga, ku fara da benen ajiyar fatu kafin yara su gaji. Fatun dila da na kyarkeci suna rataye a rufi, kuma ma'aikaciyar da ke sanye da kayan mutanen dauri ta miƙa wa jikana fatar biba, wato dabbar ruwan nan mai datse rafi da itatuwa. Ta ce ya tura yatsa ƙarƙashin dogon gashin, ya taɓo lallausan na ciki, wanda shi ne Turawa suke yin hula da shi. Yaron ya ƙi sakin fatar sai da aka lallashe shi.

Ɗalibi, Thunder Bay: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma a yi mini izini in kare garinmu. Fort William sabon gini ne da aka buɗe a 1973, ba ma a ainihin wurin tsohon ba, sai dai ya fi girma da armashi. Yana nuna hedikwatar cikin ƙasa ta kamfanin North West, babban kishiyar Hudson's Bay kafin a haɗe su a 1821. A can ne ake ganin kwalekwalen ɓawon itace, a kuma gwada ɗaga ƙunshin fatu mai nauyin kusan kilo 40, irin wanda 'yan kwalekwale suke ɗaukar biyu a lokaci guda idan hanyar ruwa ta yanke aka koma tafiyar ƙasa. Na gwada ɗaya, na ajiye shi da girmamawa.

Baban Yara: Allah ya saka da alheri. Nisan fa, ƙanena?

Ɗalibi: Kusan kilomita 700 ne daga wurinku, Yaya, don haka sai da kwana.

Malamar Tarihi, Brandon: Ina goyon bayan Hajiya, da wani dalili na daban. A Lower Fort Garry ne aka ƙulla Yarjejeniya ta Ɗaya ranar 3 ga Agusta, 1871, tsakanin masarautar Ingila da shugabannin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, wato Anishinabe da Kiri, kuma a kan ƙasar wannan yarjejeniya Winnipeg take zaune. Baƙi da yawa suna ɗaukar hoto da fatu su tafi, alhali 'yan asalin ƙasar ne suke farauto dabbobin, matansu kuma su gyara fatun, su haɗa guzurin matafiya na busasshen naman ɓauna da aka daka da kitse, mai kama da dambun namanmu. Malam, ka sa 'yarka ta tambayi ma'aikatan wane ne ya yi wane aiki.

Hajiya: Ƙarin bayani, ku tabbatar da ranakun buɗewa a shafin hukumar Parks Canada, domin harkar ta lokacin zafi ce. Ku riƙe maganin sauro, saboda sauron bakin kogin ba ya jin kunyar baƙo, ku kuma ɗauki dadduma, akwai fili mai ciyawa. Idan aka ba yara gurasar banok, a tambayi irin man da aka sa.

Baban Yara: Na gode ƙwarai. In Allah ya yarda Asabar ta farkon hutu za mu je na kusa. Ƙanena, Fort William sai baɗi, ka tanadi masauki.